Shekarar Da Na Ƙi Sa Hannu A Takardar Yaya Garba

Na san abin da ake faɗa a dangi game da ni da kawunku Garba. An ce muku ni na raba shi da aikinsa saura shekara uku ya yi ritaya, kuma na lura ba wanda ya taɓa tambayata a cikinku, don kuna jin nauyi. To ga yadda abin ya faru, gwargwadon abin da na riƙe. Ban rubuta don ku ba ni gaskiya ba. Na rubuta ne don kada ku ji rabi a bakin wannan, rabi a bakin wancan, bayan ba na nan.

Mu uku Inna ta haifa a gidanmu na Agege da ke bayan layin dogo: Yaya Sani, Yaya Garba, sai ni. Babanmu mahauci ne a abatuwa, amma ya ƙudura a ransa 'ya'yansa maza ba za su riƙe wuƙa ba, sai ya tura su biyun kwalejin horon malamai a Arewa. Yaya Sani ya gama, ya karɓo satifiket ɗinsa ya dawo Legas. Bai yi wata biyu ba zazzaɓi ya kayar da shi, cikin mako guda Allah ya yi masa rasuwa. Baba bai ƙara tsayawa da ƙafarsa sosai ba bayan nan. Aka kira Yaya Garba yana shekararsa ta ƙarshe a kwaleji, ya dawo ya kama teburin nama, bai koma ba. Ya yi shekaru yana fawa. Da aka zo neman malamai masu jin Hausa don makarantun unguwarmu, Inna ta buɗe akwatinta ta ɗauko satifiket ɗin marigayi ta miƙa masa. A lokacin ba hoto a jikin takardar, ba kuma wanda ke ɗaukar zanen yatsa. Daga ranar ya zama Malam Sani a makaranta, Garba a gida. Ina 'yar shekara goma sha shida. Na gani, na kuma girma da abin kamar yadda mutum ke girma da tsagewar bangon ɗakinsu, har ya daina ganinta.

Ni ma aikin koyarwa na shiga. Na zagaya makarantu da dama kafin a ba ni shugabancin wata firamare ta gwamnati a nan Agege, wadda kuma a cikinta Yaya Garba yake koyarwa. Aji ɗaya, na yara sabbin shiga, yake riƙe da shi, kuma ba shugaban da ya taɓa tunanin ɗauke shi daga nan. Yaran da ake kawo mana da yawa 'ya'yan fataken shanu ne da direbobin manyan motoci, waɗanda aka taho da su daga Arewa ba su jin ko kalma ɗaya ta Turanci ko Yarabanci. Su shigo suna kuka suna riƙe da zanen uwa. Shi zai zauna a ƙasa tare da su, ya fara da Hausa, ya jefa Yarabanci kaɗan, Turanci kaɗan, kafin ƙarshen zango ka ji su suna faɗa da 'ya'yan Yarabawa a kan ƙwallo cikin harshe uku. A makaranta yana ce mini Madam kamar kowa, ni kuma in ce Malam Sani. Da mun fita ƙofa ya koma Yaya, ni in koma Kulu.

Shekarar da nake ba ku labari, aikin shugaban makaranta ya sauya kama. Da can masinja ne ke kawo sakula, wato takardar umarni, a kan keke, sau biyu ko uku a zango, ka karanta ka sa a fayil. Sai aka buɗe mana zaure a waya, mu shugabannin makarantu, umarni ya riƙa saukowa kusan kullum. Yau a ce a aika hoton tukunyar kashe gobara da ranar da za ta lalace. Gobe a ce a buɗe littafin baƙi a bakin ƙofa, duk wanda ya shigo ya rubuta sunansa, alhali rabin iyayen da ke zuwa ba su iya rubutu ba, maigadi ke rubuta musu. Aka ce kowane malami ya kawo tsarin darasinsa ranar Litinin in duba in buga hatimi. Aka ce a ƙirga banɗakuna, a faɗi masu ƙofa da marasa ƙofa. Wasu daga cikin dokokin suna da amfani, ba zan ɓoye ba. Saboda su aka gyara mana rijiya, kuma malaman da suka saba zuwa ƙarfe tara suka fara zuwa kan lokaci. Wasu kuwa takarda ce kawai ke haifar takarda. Na yi wata uku ban shiga aji ba, ina ofis ni da mataimakiyata Misis Ajayi, tana karanto mini fom ina cikewa.

A tsakiyar zango na biyu aka kira mu taro a ofishin ilimi. Aka raba mana sakula mai shafi huɗu: za a tantance dukkan malamai. Kowa ya kawo ainihin takardunsa na makaranta, da katin ɗan ƙasa, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. A ƙasan fom ɗin kowane malami akwai wurin da shugaban makaranta zai sa hannu, cewa ya ga takardun da idonsa, kuma ya shaida mai riƙe da su shi ne mai sunan da ke jikinsu. Layin ƙarshe ya ce duk shugaban da ya yi shaidar ƙarya za a sallame shi, a kuma miƙa shi ga hukuma. Aka ba mu mako shida. Ina cikin danfo, bas ɗin haya, a hanyar dawowa na sake karanta layin, na ninke takardar na sa a jaka.

Matsalar ita ce katin ɗan ƙasa na Yaya da sunan Garba yake. Shekarar da zai tafi aikin hajji ya yi fasfo da sunansa na yanka, ya ce ba zai tsaya a gaban Ɗakin Allah da sunan mamaci ba, katin kuma ya bi fasfo. Don haka satifiket na cewa Sani, kati na cewa Garba. Washegarin da na karanta wa malamai sakular, bayan an tashi, ya shigo ofis ya rufe ƙofa. Bai ce Madam ba.

"Kulu, akwai hanya. Na tambaya."

"Wace hanya, Yaya?"

"Zan je kotu in yi takardar rantsuwa cewa ana kirana Sani, ana kirana Garba. Wannan ba ƙarya a ciki, shekara talatin da biyu ana kirana haka. Ke kuma ki rubuta wasiƙa a matsayinki na shugaba kuma 'yar'uwa, ki ce mutum ɗaya ne, satifiket ɗin nasa ne. Shi ke nan."

"Wato rantsuwarka gaskiya ce, tawa ce ƙarya."

Ya juya allin da ke hannunsa.

"Na yi karatun nan, Kulu. Jarrabawar ƙarshe ce kawai ban zauna ba. Akwai malami a makarantar nan da ya fi ni iya aikin?"

"Babu."

"To."

Na ce ya ba ni lokaci in yi tunani. Ya ce to, ya fita, ya bar ƙofar a buɗe.

A lokacin Inna a wajenmu take zaune, a ɗakin da ke kusa da kicin, kun tuna. Ta tsufa amma kunnenta da bakinta ba abin da ya same su. Ban gaya mata ba, shi ya gaya mata. Ranar Asabar da hantsi ina tsince shinkafa a tsakar gida ta jawo kujerarta ta zauna kusa da ni.

"An ce wata takarda za ki sa wa hannu."

"Ba takarda ba ce kawai, Inna. Shaida ce."

"Shaida a gaban wa? Alƙali ne ya kira ki?"

"Gwamnati ce."

"Gwamnatin ta san lokacin da ya bar karatunsa ya zo ya tsaya cikin jini da kashin shanu don ki ci abinci? Kuɗin makarantarki daga teburin wa ya fito?"

"Daga nasa."

"To ki sa hannu."

Na ce mata idan abin ya tonu, ni da shi duka za a kora, wataƙila har da ɗauri. Ta ce shekara talatin bai tonu ba sai yanzu da 'yar'uwarsa ta hau kujera. Na ce yanzu akwai kwamfuta, tana haɗa sunaye da kanta. Ta ce ita ba ta san kwamfuta ba, ta san dai ɗa biyu gare ta a duniya, ɗaya na neman ya tozarta ɗaya. Ta tashi ta shige ɗaki, ranar ba ta ci abincin rana ba.

Babanku bai sa baki da wuri ba. Kun san halinsa; shekara arba'in yana dillancin fata a abatuwa, ya saba ya bar mutum ya gama magana kafin ya taya. Sai da aka kwana uku, muna karyawa, ya ce:

"Hajiya, idan kin sa hannu ba zan ce miki komai ba. Idan kin ƙi, nan ma ba zan ce ba. Abu ɗaya kawai: in tsoro ne ya hana ki, ki ce tsoro ne. Kada ki jingina wa Allah."

Maganar ta ba ni haushi a lokacin. Amma tunda na ce zan faɗa muku gaskiya, ga ta. Akwai tsoro. Saura shekara biyar ni ma in yi ritaya, biyu daga cikinku kuna jami'a, kuma na ga yadda aka dakatar da wani shugaban makaranta a kan abin da bai kai wannan ba. Akwai kuma wani abu da ba tsoro ba. Malamai goma sha tara ne a ƙarƙashina. A cikin makon nan na mayar da fom ɗin wata matashiyar malama saboda ranar haihuwarta ta bambanta a takardu biyu, na sa ta yi ta zirga-zirga a kan okada har ta gyara, tana kuka tana roƙona in kau da kai, na ƙi. Ban ga yadda zan kalle ta ba bayan na sa hannu a na yayana. Wanne ya fi nauyi a cikin biyun, tsoron ko wannan, har yau ban iya rabewa ba.

Misis Ajayi ta san komai, don a unguwar ta girma, ta ma halarci zaman makokin Yaya Sani tana yarinya. Wata rana muna haɗa fayiloli ta ce mini da Yarabanci, murya ƙasa-ƙasa:

"Madam, ba wanda zai buɗe baki a makarantar nan. Ni dai ban ga komai ba."

"Na gode. Amma ke za ki sa hannu in ke ce?"

Ta rufe fayil ɗin.

"Ni ba yayana ba ne," ta ce.

Na je ofishin ilimi na sami wani oga da muka daɗe da sanin juna. Na ce masa wata ƙawata ce ke da malami mai irin wannan matsala. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce in gaya wa ƙawar tawa cewa wanda ya ajiye aiki da kansa kafin ranar tantancewa ba a bin sawunsa, sunansa kawai ake cirewa. Amma ba zai iya neman haƙƙinsa na ritaya ba, domin can ma takardun nan za a nema. Wanda kuwa aka kama a wurin tantancewa, wannan ya fita daga hannun ofishinsu. Na yi godiya. Ina bakin ƙofa ya ce in gaida Malam Sani.

Saura kwana tara na je gidanmu na bayan layin dogo, inda Yaya ke zaune da iyalinsa. La'asar ce, yana alwala a bakin famfo. Na jira ya idar da salla, na gaya masa ba zan rubuta wasiƙar ba, ba zan kuma sa hannu ba. Na gaya masa abin da ogan ya ce. Na ce ba zan kai ƙararsa ba, ba kuma zan faɗa wa kowa komai ba, amma idan ranar ta zo fom ɗinsa zai tafi ba hannuna, za a tambaye ni dalili, ni kuma ba zan yi ƙarya ba.

"Kin gama?"

"Na gama, Yaya."

"Shekara talatin da biyu."

"Na sani."

"Ba ki sani ba," ya ce. Bai ɗaga murya ba. Ya kira matarsa ya ce ta kawo mini ruwa, ya sa takalmi ya fita.

Ranar Litinin ya kawo takardar ajiye aiki, layi uku, da rubutunsa mai kyau irin na malaman da. Dalilin da ya rubuta shi ne rashin lafiya. Na buga hatimi na sa hannu. Wannan ne kawai hannun da na sa masa. Ya roƙi a bar shi ya ƙarasa makon, na ce to. Ranar Juma'a ya share ajinsa da kansa, ya miƙa wa Misis Ajayi rajista da makullin kabad, ya tafi kafin a buga ƙararrawa. Ba a yi masa walima ba. Malamai sun so su yi, ya hana.

Ranar tantancewa ta zo ta wuce cikin awa huɗu. Matasa biyu ne suka zo da kwamfuta da ɗan akwatin ɗaukar yatsa. Malamaina goma sha takwas duk suka wuce. Ba wanda ya tambayi na goma sha taran. Na sha tunanin cewa da na rubuta wasiƙar, wataƙila waɗannan yaran ba za su ko karanta ta ba. Wataƙila kuma a can sama wani ya karanta. Ba ni da hanyar sani.

Inna ta haɗa kayanta a wannan makon. Babanku ya roƙe ta, ta ce ba fushi take da shi ba, amma ɗanta na bukatarta. Ta koma gidan bayan layin dogo. Duk Juma'a ina zuwa gaishe ta da abinci, ta amsa sallama, ta juya fuska bango. Haka muka yi fiye da shekara. 'Yan'uwa suka daina kirana sai idan an yi rasuwa. A wajen biki mata su yi shiru in na zauna. Ku kanku kun ga yadda 'ya'yan kawunku suka janye daga gare ku, kuka rasa dalili. Yaya ya koma abatuwa yana da shekara kusan sittin. Ƙarfin fawa ya wuce shi, sai wani tsohon abokin Baba ya ba shi aikin tsaron shago. Babanku ya so ya taimaka masa, amma Yaya ya mayar da abin da aka aika.

Aji ɗaya kuwa, aka turo mana wata malama sabuwar gamawa, mai takardu cikakku, mai ƙoƙari, ba ta jin Hausa. Ba laifinta ba ne. Yaran da aka kawo daga Arewa a shekarar suka zauna suna kallon bakinta. Kafin ƙarshen zango da yawa sun daina zuwa. Iyayen suka ce yaro ba ya gane komai, gara ya bi babansa kasuwa. Na shiga ajin da kaina na wasu makonni, na ga ban da haƙurin Yaya, ga kuma waya na ta ƙara a aljihu ana neman rahoton mako. A fom ɗin ƙarshen shekara akwai gurbin da ake rubuta dalilin raguwar ɗalibai. Na rubuta ƙaura. Wannan ma ba gaskiya ba ce cikakkiya, kuma na sa mata hannu ban yi dogon tunani ba. Ku riƙe wannan ma a cikin lissafinku game da ni.

Inna ta yi mini magana ne a ciwonta na ƙarshe. Ina shafa mata man zafi a ƙafa da rana, ba kowa a ɗakin, sai ta ce:

"Ni na ba shi takardar nan."

"Na sani, Inna."

"Ya ce ba ya so. Ni na ce ya karɓa."

Na ci gaba da shafa mata man. Ta ce in matsa mata ɗaya ƙafar. Ba ta ce ta yafe mini ba, ban kuma roƙa ba, amma daga ranar ta riƙa cin abincin da na kawo. Bayan wata biyu ta rasu.

Ni da kawunku muna gaisawa yanzu. Ba mu taɓa komawa kan maganar ba, kuma ba na jin za mu koma. Ranar da aka yi mini taron ritaya ya zo, ya zauna a layin baya cikin iyayen yara, ya tafi kafin a raba abinci. Bayan kwana biyu ya kira ni a waya, abin da bai yi ba tun wancan lokacin. Muka gaisa, ya tambayi babanku, ya tambaye ku ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ce:

"Wa ke riƙe da aji ɗaya yanzu?"

Na faɗa masa sunanta. Na ce ba ni da iko a makarantar kuma, amma muna waya da ita.

"To ki gaya mata, ranar farko kada ta kori iyaye mata. Ta bar su su zauna a bakin taga har a tashi. Kwana uku kawai. Yaran ba za su gudu ba."

Na ce zan gaya mata. Ya ce to, sai an jima. Na nemo biro na rubuta a bayan ambulan don kada in manta, sannan na kira ta.